Ni Likita Ce, Ina Son Zama Koci

Assalamu alaikum Yaya Hajiya. Ni likita ce a nan Sakkwato, shekarata goma sha biyu da fara aiki, ina da aure da ɗiya uku. Tun da daɗewa ƙananan likitoci da nas-nas ke biyo ni ofis da damuwarsu. Wagga ta faɗi jarrabawar ƙwarewa sau biyu, wanga shina son fita waje iyaye sun hana, wata kuma aure da kwanan asibiti sun haɗe mata. In munka zauna sai in ji daɗin da na daina ji a ɗakin duba marasa lafiya. Na ga a intanet ana horar da likitoci su zama koci, ba na ƙwallo ba, irin wanda ke zama da mutum har ya gano hanyarsa. Akwai wani kwas na sati biyu da ake talla, kuɗinsa sun kai albashina na wata biyu, sun ce za su ba ni satifiket na duniya. Maigidana ya ce in ina so in yi, amma shi bai ga wanda zai biya kuɗi don a yi hira da shi ba. Baba kuwa ya ce bai sayar da shanunsa ya kai ni karatun likita don in koma mai ba da baki ba. Gaskiya na gaji, har na fara rubuta takardar ajiye aiki. Mi za ni yi?

Likita daga Mabera

Wa'alaikumus salam ƙanwata Dakta. Takardar ajiye aikin nan ki ninke ta ki sa a durowa tukuna, kuɗin kwas ɗin ma ki bar su inda suke. Ba hana ki nake yi ba. Ni kaina na bi hanyar da kike hange bayan na shekara ashirin da 'yan kai ina duba marasa lafiya, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma a wasiƙarki abu biyu ne suka cakuɗe, sha'awa da gajiya, kuma idan gajiya ce ta ja ki cikin sabuwar sana'a, za ta bi ki har can.

Gajiyar da kike ji ba ragwanci ba ce. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan ƙonewar zuciya a cikin kundinta a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa: ƙarfi ya ƙare, mutum ya ji aikin ya fita ransa, ya riƙa ganin ba ya tsinana komai. A shekarar ce kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji da asibitin Mayo na Amurka ya yi da likitoci 88. An raba su biyu, kashi ɗaya aka haɗa su da ƙwararrun koci, zama shida ta waya. Waɗanda suka samu koci gajiyar zuciyarsu ta ragu, juriyarsu ta ƙaru, amma gamsuwarsu da aikin ba ta wani motsa ba. Ki riƙe wannan na ƙarshen, domin koci ba ya ƙara yawan likitoci a asibiti, ba ya rage layin da ke jiranki ranar Litinin. Abin da yake yi shi ne taimaka wa mutum ya ga abin da ke hannunsa da wanda ba ya hannunsa.

Saboda haka kafin ki zama koci, ki fara zama a kujerar wanda ake yi wa. Wanzami ba ya son jarfa, mu likitoci mun fi kowa ƙin a duba mu. Akwai wani sanannen likitan fiɗa a Amurka, Atul Gawande, wanda bayan shekara takwas yana aiki ya ji hannunsa ya daina ƙaruwa. Sai ya roƙi wani tsohon malaminsa da ya yi ritaya, Robert Osteen, ya zo ya tsaya a ɗakin tiyata yana kallonsa. Aikin ya tafi lafiya lau a ganin Gawande, amma dattijon ya fito da takarda cike da abubuwan da ya lura: yadda gwiwar hannunsa ke ɗagawa sama, yadda fitila ta kauce daga kan wurin yanka ba wanda ya ankara. Idan mai irin wannan suna ya yarda a tsaya a kansa, ke ma ki nemi koci mai takarda ki yi zama uku ko huɗu da shi. A nan za ki san ko abin da kike so ke nan.

Yanzu bari in faɗa miki abin da masu tallar kwas ba za su faɗa miki ba. Abin da kike yi wa ƙananan likitocin nan a ofis alheri ne, Allah ya ba ki lada, amma ina kyautata zaton nasiha ce da jagoranci irin na babbar yaya. Suna faɗa, kina gano matsalar, kina ce musu ga yadda za ku yi. Aikin koci akasin haka ne. Ba ya ba da amsa. Ya ɗauka cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi nasa ya riƙe fitila ya yi ta tambaya har mai ɗakin ya ɗaga kai ya gani. Ga likita kuwa, babu abin da ya fi wannan wuya. Tun muna ɗalibai aka koya mana cewa da mutum ya buɗe baki mu fara jera cututtukan da ka iya zama, mu tace, mu rubuta magani, na gaba ya shigo. Wasu masu bincike biyu, Beckman da Frankel, sun naɗi ganawar likitoci da marasa lafiya a 1984, suka tarar a matsakaici daƙiƙa 18 kacal likita ke bari kafin ya katse mai magana. A can ke nan. Ke kin san yadda abin yake idan mutum sittin na zaune a benci a zafin watan Afrilu.

A sati na uku da fara karatuna aka ce kowa ya naɗi zama na minti talatin ya kawo. Na yi da wata nas da ta yarda ta taimake ni, na fito ina ganin na yi abin kirki, don har godiya ta yi ta yi mini. Malamar ta saurara, ta ce in ɗauki agogo in ƙirga minti nawa muryata ta ci. Minti sha tara. Ta sake cewa in ƙirga tambayoyin da na yi waɗanda ban riga na san amsar da nake so ba. Guda biyu na samu. Sauran duk shawara ce na sa mata rigar tambaya, irin su "ba kya ganin gara ki sami shugabar sashenku?" Wannan ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki, domin na gane haka nake yi wa kowa, har 'ya'yana.

Kuma a garinmu abin ya fi nauyi. Mutum zai shigo ya rusuna, ya ce ranki ya daɗe, duk abin da kika ce shi zan yi. Idan kika mayar masa da tambaya yana iya ɗauka rowar ilimi kike masa, ko kina gudun ɗaukar nauyi. Dole tun farko ki bayyana masa da Hausa tsantsa irin zaman da za ku yi: ni ba zan zaɓa maka ba, zan taya ka tunani, kuma abin da muka yi a nan ba zai fita ba. Wata ƙaramar likita ta taɓa zuwa mini a kan jarrabawa, kamar taki ɗin nan. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya, ta ce tana son in tsara mata jadawalin karatu. Da a da ne, da tuni na jawo takarda. Sai na ce mata, in an wayi gari kin ci jarrabawar nan, me zai canja a rayuwarki? Ta yi shiru. Fanka na juyawa, ana kiran wani a baranda, ni kuma na danne harshena da haƙora ina ƙirga numfashina. Ya fi minti ɗaya. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni fa ban taɓa son wannan fannin ba. Don kada a ce na kasa ne." Jadawalin da na so rubutawa da ya ƙara mata shekara biyu a hanyar da ba tata ba. Shirun nan shi ne abin da za ki biya kuɗi ki koya.

Akwai dabaru da za a koya miki, ba shakka. Mafi shahara ita ce wadda Bature John Whitmore ya yaɗa, ana ce mata GROW: ina kake son zuwa, ina kake yanzu, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, wacce za ka ɗauka kuma yaushe. Idan kin taɓa karanta salon hirar zaburarwa da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 don masu fama da shaye-shaye, wanda yanzu ake amfani da shi ga masu ciwon suga da hawan jini, za ki ga dangi ne. Wannan kin riga kin sami ƙafar shiga. Haka nan riƙon sirri, da zama da mai kuka ba tare da kin rikice ba, da karanta fuska, duk kin zo da su daga asibiti.

To, batun takarda. Kalmar koci ba ta da lasisi irin wanda MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, ke ba mu. Kowa na iya buga kati gobe ya sa wa kansa sunan, kowa kuma na iya buɗe kwas ya buga satifiket mai zinariya a gefe. Abin da ke raba gaskiya da cinikin biri a sama shi ne tantancewar ƙungiyoyin sana'ar. Babbarsu ita ce ICF, wadda Thomas Leonard ya kafa a Amurka a 1995. Tana da matakai uku. Na farko, ACC, yana buƙatar aƙalla awa 60 na karatun aikin koci, awa 100 na zama da mutane aƙalla takwas, wanda 75 daga ciki na biya ne, da awa 10 a hannun gogaggen koci mai sauraron aikinki yana gyara miki, sannan jarrabawa. Na biyu, PCC, awa 125 na karatu da awa 500 na aiki. Na uku, MCC, awa 200 da awa 2,500. Duk shekara uku ake sabuntawa. Ki lura da awa goman nan na gyara: sharaɗi ne a shimfiɗa su cikin wata uku ko fiye. Wannan kaɗai ya ishe ki gane cewa babu yadda za a yi kwas na sati biyu ya ba ki ACC. Yana yiwuwa kwas ɗin ya zama mafari mai kyau, amma duk wanda ya ce ranar rufewa za ki fito da shaidar duniya, ki tambaye shi ta wace ƙungiya.

A shafin ICF akwai wurin binciken makarantun da ta tantance. Ki rubuta sunan makarantar da kanki, kada ki yarda da tambarin da suka manna a talla. Ki nemi wadda aka rubuta mata mataki na ɗaya ko na biyu, don irin waɗannan sukan haɗa karatun da awannin gyara a kuɗi ɗaya. Ki tambaye su mutum nawa ne a aji, sau nawa malami zai saurari zamanki ya ba ki gyara a rubuce, da wane harshe za a karɓi zaman da aka naɗa, tunda mutanenki da yawa da Hausa zuciyarsu ke buɗewa. Ki ce su haɗa ki da mutum biyu da suka gama. Makarantar da ta yi fushi da waɗannan tambayoyi ta ba ki amsa ke nan. Akwai kuma EMCC ta Turai mai matakai huɗu, wadda ke haɗa aikin koci da na jagoranci, ita ma ana mutunta ta. Idan kuma hankalinki ya fi karkata ga taimakon masu suga da hawan jini su canja ci da motsa jiki, akwai NBHWC ta Amurka, mai ba da shaida ga kocin lafiya, sai dai an fi gina ta don masu aiki a can.

Ba baƙon abu ba ne a Sakkwato a ce sai an horu kafin a fita. Nana Asma'u ba ta tura mace ƙauye ta karantar da 'yan taru haka kawai. Sai ta zauna ta koya, sannan a ɗora mata malfa a naɗa ta jaji, kowa ya gan ta ya san daga inda ta fito.

Yawancin karatun nan ta Zoom ake yi, awa biyu ko uku a sati na wata shida zuwa tara, don haka ba sai kin bar aiki ba. Ki duba lokaci da kyau: ƙarfe ɗaya na rana a Niyok shida ne ko bakwai na yamma a nan, daidai Magariba da hidimar abincin dare. Makarantun Ingila ko na Afirka sun fi dacewa da agogonmu, kuma akwai waɗanda ake gudanarwa daga Legas da Abuja. Ki tanadi layi biyu na intanet da abin cajin da zai riƙe ki idan an ɗauke wuta, don aji ne na magana, ba a karɓar uzurin na saurara daga baya. Kuɗin na waje da dala ne, kuma sukan kai dubbai, ban da ɗaruruwan dalolin neman shaidar ita kanta. Ki nemi biya kashi-kashi. Kada ki ci bashi, kada ki sayar da gwal ɗinki a kan wannan.

Awa ɗarin ba su da ban tsoro idan kika lissafa. Awa uku a sati, cikin wata takwas kin gama. Ba a fara ƙirga su sai bayan kin soma karatu, don haka hirarrakin baya ba sa ciki. Musayar zama tsakaninki da abokin karatu ana lissafa ta cikin na biya, wannan zai rage miki nauyi sosai. Amma ga wurin da ya shafe ki kai tsaye: zama da wanda ke ƙarƙashinki, wanda ke ce shugabarsa, ba ya shiga lissafi. Kuma dalilin mai kyau ne. Yarinyar da ke jiran ki sa hannu a takardar ƙarin girmanta ba za ta ce miki ta tsani aikin ba. Ki ci gaba da zama yayarsu, ki nemi na wasu sassan ko wasu asibitocin su zama mutanen kocinki.

Haka nan wanda kike dubawa a asibiti ba zai zama wanda kike wa koci ba. Riga ɗaya a lokaci ɗaya. Ranar da wani ya zauna gabanki a matsayin koci ya ce barci ya ƙaurace masa sati uku, abinci ba ya shiga, yana jin gara ya mutu, idonki na likita zai gane abin da wani kocin ba zai gane ba, wannan baiwa ce. Amma ba a wannan kujerar za ki rubuta masa magani ba. Ki dakatar da zaman, ki gaya masa gaskiya, ki tabbatar ya isa ga likitan ƙwaƙwalwa, ko a asibitin koyarwa na UDUTH ko a asibitin Kware, in da hali da ɗan'uwansa a gefe. Batun sirri kuma ki ninka shi. Garin nan kowa surukin kowa ne, labarin da kika ba wata a gidan biki ba tare da suna ba, kafin a raba goro an gane mai shi.

Lasisinki na likita kada ki bari ya faɗi ko da wasa, ki sabunta shi duk shekara. Ki tuna ƙa'idojin MDCN sun taƙaita yadda likita ke tallata kansa, sa wa kanki sunan koci a Facebook bai cire ki daga ƙarƙashinsu ba. Idan kuma aikin gwamnati kike yi na cikakken lokaci, kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikaci gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma, saboda haka kafin ki karɓi sisin kowa ki nemi bayanin matsayinki daga hukumar wurin aikinki, a rubuce.

Maigidanki yana da gaskiya rabi. Ɗaiɗaikun mutane a nan ba su saba biyan kuɗin magana ba, shawara a wurinmu kyauta ce, daga uwa, daga malami, daga aminiya. Ni sai da na shekara biyu kafin abin da nake samu ya mayar da kuɗin karatuna. Masu biya su ne hukumomi da ƙungiyoyi masu son a gina shugabanninsu, da likitocinmu da ke Saudiyya da Ingila waɗanda ke neman wanda ya san asibiti, ya san kuma abin da ake nufi idan an ce iyaye sun hana. Waɗannan ta waya za ki same su, daga ɗakinki a Mabera. Ku zauna da shi tun yanzu ku daidaita kan zama da maza, ko a ofis ƙofa a buɗe ko ta waya, don kada ya zama magana daga baya.

Baba kuwa kada ki je masa da kalmar koci, kada kuma ki je da gardama. Shanun nan da ya ambata ba kuɗi yake nufi ba, yana nufin ranar da ya tsaya a kara yana kallon ana kora su don ke. Ki je da kanki bayan La'asar, ki zauna ƙasa, ki ce Baba likitanci ina nan a cikinsa, ƙarin karatu zan yi don in riƙa taimakon yaran likitocin da ke gudu suna barin asibitocinmu. Gaskiya ce, kuma magana ce da zai fahimta, don shi ma ya sha zuwa asibiti aka ce likitan ya tafi waje. Ki roƙi albarkarsa kafin ki biya kuɗin rajista.

Idan kina da hutun shekara da ba ki ɗauka ba, ki cike takardarsa a satin nan. Kafin ki tafi kuma, wanda duk ya fara ƙwanƙwasa ofishinki da damuwa, ki juya wayarki ki kunna agogo, ki ba shi minti ashirin ba tare da kin ce "ni a ganina" ko sau ɗaya ba. Tambaya kawai, gajera, sannan shiru. Ki yi haka da mutum uku. Ki rubuto mini abin da suka faɗa wanda ba ki zata ba, ba tare da suna ba, da kuma yadda ke kika ji a ƙirjinki lokacin da amsa ke bakinki kika haɗiye ta. Daga nan sai mu duba makarantun tare.

Yayarki